Minti Biyar ɗin Baba

Ina 'yar shekara tara Baba ya tafi da ni wani otal a Riyadh bayan la'asar. Akawu ne a ofishin jakadancinmu, amma ya yi shekara shida yana rubuta wasan kwaikwayo a gidanmu da ke unguwar Ulaisha a can Riyadh. Wani Bature, shugaban sashen wasan kwaikwayo na wani gidan talabijin a Ingila, ya shigo gari, aka samo wa Baba minti biyar da shi.

Baba ya rusuna ya fara gaisuwa da Turanci: ya hanya, ya gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafin garin nan. A wurinsa rashin kunya ne ka faɗi buƙatarka ba ka gama gaida mutum ba. Baturen sai duba agogo yake.

Sakatariyarsa ta ce lokaci ya cika. Baba ya miƙa rubutun da hannu biyu. Mutumin ya zaro biro, ya sa hannu a bangon, ya mayar masa yana murmushi. Ko buɗewa bai yi ba.

A mota Baba ya ce mini, "Kin gani? Mutumin kirki, duk ya amsa gaisuwata."

Bai ƙara rubuta komai ba har ya rasu. Rubutun yana wurina. A bangon, sunan Baturen ya fi na Baba girma.