Yaya Ta Koma Teku

"Yaya, don Allah ki haƙura. Ruwan yau gudu yake kamar an koro shi."

Ƙanenta ne, matuƙin jirgin ruwan, ya riƙe tulun iskar numfashinta ya ƙi saki. Baƙi shida da suka zo nutso suka sunkuyar da kai.

"Kai da na koya wa iyo kana kuka da majina? Sakar min kayana."

"Ai likita ya ce..."

"Likitan ya taɓa shiga ruwan Cozumel?"

Ta fizge tulun, ta ɗaura, ta faɗa teku da baya.

Shekara ashirin tana jagorantar baƙi a wannan mashigi na tsibirin Cozumel, yau shekara biyu rabonta da shi. Tana nutsewa ruwa ya sure ta. A nan ba a wahalar iyo, sakin jiki ake yi ruwa ya tafi da mutum. Ta harɗe hannuwa a ƙirji, duwatsun murjani suna wucewa ta gefenta. Wani kunkurun teku ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba da kiwonsa. Baƙin suka biyo ta a jere, inda ta karkata nan suke karkata.

Bayan minti arba'in ta ɓullo can nesa tana dariya. Ƙanen ya matso da jirgi, idanunsa jawur. Ya cicciɓo ta, ya zaunar da ita a keken guragu, ya gyara mata ƙafafun da ba su sake motsi ba tun haɗarin mota.

"To, kin huce?"

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji ta. "Sau biyu zan shiga."