Hannun da Fulla Ta Sani

A watan Afrilu Zakiyya ta dawo unguwarsu ta Hajj Yusuf, bayan wata bakwai tana gudun hijira. An kwashe gidan tas, har ƙofofi da wayar wuta. Mijinta Uthman, wanda ya tsaya gadin gidan, babu shi babu labarinsa.

Abu ɗaya ta tarar da rai. A ɗakin ciki akwai kejin Fulla, 'yar hamsta, wata dabba mai kama da ɓera, mai guntuwar wutsiya da manyan kumatu, wadda Uthman ya sayo kafin yaƙi ya iso unguwarsu. Ta yi ƙiba. Ƙasan kejin a share yake, akwai ruwa a murfin kwalba, ga ɓawon tasali, wato gasassun 'ya'yan kankana, a kusurwa.

Zakiyya ta zauna a ƙasa ta yi lissafi. Dabba irin wannan ba ta yin mako guda babu mai ba ta ruwa. Ke nan Uthman yana raye har kwanan nan. Da wannan hujjar ta zaga masallatai da asibitoci, ta hau raksha, keke mai ƙafa uku, har Omdurman, tana nuna hotonsa. Kowa sai ya girgiza kai.

Fulla kuwa ta manta da ita. Ranar farko ta cije ta a yatsa har jini ya fito. Zakiyya ta tuna abin da Uthman ya koya mata: hamsta ba ta gani sosai, da hanci take gane mutum. Ba a kama ta daga sama, ba a tashinta daga barci. Sai a shimfiɗa tafin hannu, a sa abinci a tsakiya, a jira. Kullum haka, hannu ɗaya, wata guda ko fiye, kafin ta yarda. Idan hannun ya daɗe bai zo ba, ya koma baƙo.

Ta daina turara kayanta da turaren wuta na bakhur, ta daina shafa turare. Kowace yamma tana shimfiɗa hannu har ya sage. Kwana goma sha biyu, Fulla ba ta wuce shinshina iska daga nesa ba.

Ran Juma'a Salih, ɗan baffan Uthman, ya zo jaje. Ta dafa masa jabana, wato gahawa, a kan gawayi.

"Yaya Salih, yaushe rabonka da shi?"

"Wallahi, matar ƙanena, kwana uku bayan tafiyarki na gudu Gadarif. Shekaranjiya na sauka. Ƙafata ba ta taka gidan nan ba sai yau."

Ta kawo kejin, ta nuna masa, ta maimaita lissafinta. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya bayyana shi.

"Wannan ɓeran kuma har yanzu yana nan?" ya ce yana dariya.

"Kada ka matso, tana cizo. Ni ma ba ta san ni ba."

Ƙofar kejin a buɗe take. Salih ya ajiye finjalinsa, hannunsa ya tsaya a kan tabarma. Fulla ta ɗaga hanci, ta fito da gudu, ta hau tafin hannunsa, ta bi hannun jallabiyarsa, ta shige aljihun ƙirjinsa ta kwanta.