Gadar da Ta Yi Kuka

Tun da aka kafa sikelin auna manyan motoci a babban titi, ran Gajere yake a ɓace. Direban tirela ne, shekara goma sha bakwai yana jigilar siminti. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa sai ya ɗora matashin kai biyu a kujera kafin ya hango kwalta, amma duk sun san a tuƙi babu na biyunsa.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Motar da ta wuce nauyin da aka ƙayyade, a sauke rarar kayan nan take, a kuma ci ta tara. Sai dai mai motar da Gajere ke tuƙawa ya ce shi bai sayi tirela don ta riƙa yawo da rabin ciki ba. Ran nan da safe ya sa 'yan dako suka yi lodi har tayoyin baya suka baje, sannan ya ce wa Gajere ya bi tsohuwar hanya, inda babu ma'aikata.

Matar Gajere ta roƙe shi a waya ya ƙi tafiyar. Ya ce mata in ya ajiye makulli yau, kafin azahar wani ya ɗauka.

Tsohuwar hanyar ta ratsa wata siririyar gada. Rana na tsaka ya iso wurin, hadari ya haɗu amma ko ganye ba ya motsi. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma a bakin gadar ya miƙe ya ɗaga masa hannu.

"Ɗana, juya. Kwana uku ke nan gadar nan tana kuka. Ko kifi ya bar ƙarƙashinta."

"Baba, siminti da ƙarfe ba sa kuka," in ji Gajere. Ya yi dariya ya sa giya.

Yana kaiwa tsakiya ya ji shi. Wani sauti ne mai kauri daga ƙasa, kamar mutum na cizon haƙora cikin barci. Sitiyari ya yi ta rawa a hannunsa. Jemagu suka tashi daga ƙarƙashin gadar, baƙi ƙirin, da rana tsaka. Ya ji bayan motar ya ɗan nutse, sannan ya taso. Ya taka totur yana salati har ya haye.

A madubi ya hangi tsaga ta ratsa gadar daga gefe zuwa gefe, ƙasa na zuba cikin ruwa.

Bai yi nisa ba sai ga wata bas cike da 'yan kasuwa tana tahowa, ta nufi gadar. Ya san direban, Baban Biyu, sun sha shayi a benci ɗaya ba sau ɗaya ba. Gajere ya fito da hannu zai tsayar da shi, sai ya tuna in magana ta tashi, motarsa za a fara aunawa. Hannun da ya fito don gargaɗi ya koma na gaisuwa. Baban Biyu ya yi masa murmushi, ya danna oda, ya wuce.

Ana cikin sauke simintin da la'asar labari ya iso. Gadar ta rufta da bas. Mutum tara ba a fito da su da rai ba, har da direban.

Masuncin ya ba da shaida. Mai motar ya rantse bai san da zancen tsohuwar hanya ba. Aka ƙwace lasisin Gajere, aka ɗaure shi.

Ranar da aka sake shi, matarsa da yayansa suka je tarbarsa. Motar da suka shiga tana dosar sabuwar gadar da aka gina, sai Gajere ya ce a tsaya. Ya sauka ya tsuguna a gefen titi, ya toshe kunnuwansa.

"Maigida, lafiya?" ta tambaye shi.

"Ba ku ji ba? Tana kuka har yanzu. Ga Baban Biyu can kuma yana min murmushi."

Suka duba. Babu kowa a kan gadar.

Jama'a, ba don a takura wa direba aka kafa sikeli ba. Duk buhun da aka ɗora fiye da ƙima, a kan ran wani ake ɗora shi, kuma wanda ya ga haɗari ya yi shiru, da hannunsa a ciki.