Tsarabar Maiwada Daga Amurka

Maiwada, tsohon sojan Amurka a Afganistan, ya zo zance wurin Amatullah a Barkin Sale.

"Yaƙi ya ƙare, na samu aiki a Amurka," in ji shi. "Ki aure ni mu tafi."

Kafin ta amsa, salansar wani babur ta yi ƙara. Sai ga Maiwada kwance bayan dakali, yana lalubar bindigar da babu ita.

Ya miƙe a kunyace.

"A can wa ke riƙe ka in haka ta faru?"

"Ba kowa. Kowa na wurin aiki."

Ta daɗe tana kallon shaddarsa da ta yi buɗu-buɗu da ƙasa.

"Zan aure ka, Maiwada. Amma a nan."