Mai Saran Itace da Auren Mangwaro

Zo ka zauna, likita, ajiye muƙamuƙin robar nan da kake ta huda tun safe, ba guduwa zai yi ba. Wajen cire haƙori kam duk garin nan an shaide ka, awartaki a hannunka kamar cokali. To amma yanzu dashen haƙori ka zo koyo wurina. Ka kafa wa baiwar Allah nan da ta rasa haƙori ɗan ƙarfenka na farko a ƙashin muƙamuƙinta, na gaya maka sai an bar shi watanni ƙashi ya rungume shi kafin a ɗora haƙori a kai. Ga shi ɗinkin bai gama warkewa ba, har kana so a kira ta ka taɓa ka ji ko ya kama. Bari in ba ka labarin wani mai irin hannunka.

An yi wani mai saran itace, ƙato, wanda ya tsufa a cikin sana'arsa. In ya sari itace ya kusa tsinkewa, sai ya dafa shi ya girgiza, daga nan yake gane saura sara nawa da kuma inda zai faɗi. Hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. A tsakar gidansu akwai wani mangwaro da marigayiya mahaifiyarsa ta dasa tana amarya, mai zaƙi, marar zare, babu irinsa a duk unguwar. Sai gara ta shiga gindinsa ta cinye cikin, rassa suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce zai shuka ƙwallon, aka gaya masa ƙwallo ba lalle ya fito da halin uwarsa ba, in yana son wannan mangwaron dai, sai ya yi masa aure, wato ya yanko ɗanyen reshensa ya haɗa a jikin ƙaramin dashe. Mutumin da bai taɓa raya ko da barkono ba ya ajiye gatari, ya tafi wurin wani maƙwabcinsa mai lambu ya durƙusa da furfurarsa. Wallahi a nan ya burge ni, don ba kowane gwani ne ke yarda ya koma ɗan koyo ba. Mai lambu ya nuna masa yadda ake fere reshe da wuƙa mai kaifi, a tsaga kan dashen, a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da zaren leda. Cikin ɗan lokaci yankansa ya fi na malamin kyau, abinka da wanda ya san itace.

Sai dai duk reshen da ya ɗaura, mutuwa yake yi. Reshe ya yi baƙi, ya bushe, ya sake hawa ya yanko wani. Ya zargi wuƙa, ya zargi leda, ya zargi rana, har ya fara kallon akuyar matarsa da wani irin ido. Ana cikin haka ɗanyun rassan suka ƙare, saura ƙwaya ɗaya can a ƙololuwa. Ya yanko shi, ya ɗaura. Washegari da sassafe mai lambu ya leƙo ta kan danga, sai ya ga abin da ke faruwa: bawan Allah ya sunkuya, ya miƙa yatsu biyu zai kama reshen ya ɗan girgiza, kamar yadda yake yi kowace safiya, don ya ji ko ya kama. Shi a wurinsa kulawa ce. Ashe duk ɗan naman da ya fara haɗuwa, shi yake tsinke shi da hannunsa. Mai lambu ya daka masa tsawa: "Kai, malam, janye hannunka! Wannan ba kayar da shi za ka yi ba. Ba shi ruwa, ka ba shi wuri, in ya kama shi zai gaya maka."

Daga ranar, in ya zo ban ruwa, sai ya zuba, ya harɗe hannuwansa a baya, ya yi ta zagaya dashen kamar baƙo a gidan surukai. Matarsa na dariya, yana cewa ta bar shi, saran itacen kuka ya fi wannan sauƙi. Makonni suka wuce, reshe bai ce komai ba, bai bushe ba, bai tsiro ba, ransa na ta ƙuna. Iskar farkon damina ta zo ta kayar da tsohon mangwaron, ya zama babu sauran inda za a yanko wani. Ya sassare shi da kansa yana share ido. Bayan 'yan kwanaki ya fito da tulu, sai ga wasu 'yan ganyaye jajaye, masu taushi, sun ɓullo a kan reshen. Ƙaton nan ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuma ko a lokacin bai taɓa ba. Yau jikokinsa ke shan mangwaron mahaifiyarsa.

Don haka, ƙanina, aikinka ya yi kyau, na duba hoton ƙashin da idona, kuma na ji daɗinsa. Abin da ya rage ba naka ba ne, na ƙashi ne. Matar nan ta daɗe tana rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, kada ɗokinka ya mayar da ita baya. Ka bar ta sai ranar da muka sa mata. Hausawa dai sun ce, mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.