Gindin Kwanon Awo

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Cikin dare matar mai hatsi ta ji ƙarar daga rumfa, kamar tsuntsu yana saran ƙarfe. Ta leƙa, sai ga maigidan da guduma da kwanon awonsa, wanda ya lotsa gindinsa shekara ashirin da suka wuce don ya riƙa cinye wa kowane mai saye tafi guda.

"Malam, da furfurarka? Ƙara lotsa shi za ka yi?"

"Ta ciki nake bugu," in ji shi. "Sau uku kullum. A hankali zuciyata za ta saba."

Ba ta yarda ba. Kowace safiya sai ta shafa gindin kwanon a ɓoye, tana neman inda dabarar take. Bayan kwana arba'in ta ji shi sumul.

Ranar maƙwabciyarsu ta zo sayen hatsi da tsohon buhunta, wanda kullum kwano goma yake ci daidai. A na goman, hatsi ya tumbatsa ya zube ƙasa.

Ta dubi buhun, ta dubi su biyun.

"Ikon Allah! Buhun nawa ne ya ƙanƙance?"