Ranar da Harshen Mai Labu Ya Mutu

Tunda an ɗora ka a kan mutane, zauna ka ji wannan kafin ka fara zare musu ido.

An yi wani mai sana'ar kilishi da ma'aikatansa. A cikinsu akwai wani dattijo baƙo, ba mata ba dangi a garin. Shi ke haɗa labu, kwaɓin ƙuli da yajin nan da ake tsoma nama a ciki. Ba ya awo, harshensa ne mudunsa. Maigidan kuwa dokarsa ɗaya ce: wanda ya kwanta ciwo, zai tashi ya tarar da wani a kan tabarmarsa. Kullum da safe kawuna yake ƙirgawa, bai taɓa tsayawa duba fuska ba. Ana gab da Sallah, an yanka shanu, sai mura da zazzaɓi suka kama dattijon. Tsoron rasa tabarmarsa ya sa ya ɗaure kai, ya ja jiki ya zo. Ya lakaci labu ya kai baki, ya ji salam. Ya ƙara gishiri, ya sake ji salam. Ya dubi hagu da dama, wa zai ce wa ya ɗanɗana masa? Kowa ya duƙufa a kan wuƙarsa, kuma abin da ɗaya ya sani, maigida ya sani. Sai ya ƙara gishiri. Maigida ya gifta ya ce, "Yawwa Baba, haka nake son namiji."

Nama ya sha rana, aka gasa, aka naɗe, 'yan sari suka tafi da shi garuruwa. Bai daɗe ba ya fara dawowa, don gishiri ya hana shi ciyuwa, ko kyauta ba mai karɓa. Maigida ya taso da faɗa, ya tarar tabarma ba kowa. Kunya ta kori dattijon da zazzaɓinsa. Abin da ya fi ba ni tausayi, ba wanda ya raka shi tasha, da aka bincika ma ba wanda ya san sunan garinsu. Maigida ya yi ta gwada masu haɗi, kilishinsa bai sake komawa yadda yake ba, har layin ƙofarsa ya watse ya bar shi yana korar ƙuda shi kaɗai. Hutun 'yan kwanaki ya hana, ga abin da ya saya da shi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.